Madam Latifatu da Bokitan Saman Rufi

A Moshi Zango, unguwarmu a Kumasi, idan ka ce Latifatu sai a tambaye ka wacce, don masu sunan suna da yawa. Amma idan ka ce Madam mai bokiti a sama, ko mai tallan ruwan leda zai nuna maka lungun gidansu. Mun daɗe muna koyarwa a makaranta ɗaya da ita, ita lissafi ni Turanci. Abin da zan faɗa a nan, wani a gabana aka yi shi, wani daga bakinta na ji, wani kuma uwarta ce ta ba ni labari.

Kakanta ya zo Kumasi daga ƙasar Moshi da garken tumaki, ya sayar da su, bai koma ba. Ubanta, Baba Nurudeen, direban babbar mota ne. Yakan kai goro da katako arewa ya dawo da albasa, har idonsa ya raunana ya ajiye tuƙi. Uwarta, Mma Fatu, koko da ƙosai take sayarwa a bakin titi tun kafin a haife ta. Latifatu ta tashi tana Moshanci da kakarta, Hausa a lungu, Tonanci, wato yaren Asante, a kasuwa, Turanci kuma a makaranta. Duk da harsunan nan ba ta cika magana ba. Mma Fatu ta ce tun tana ƙarama, in an aike ta gidan wata, ba ta bin hanyar da ta bi jiya. Sai ta shiga wani lungu ta ɓulla ta bayan wani gida don kawai ta ga ko zai kai ta. Sau da yawa ƙosan da aka aike ta da shi yakan huce kafin ta isa, ta sha faɗa.

Ta yi sakandare, ta samu shiga jami'ar da ke kan hanyar Accra gaba da Oforikrom, ta karanta lissafi. Ba ta taɓa kwana a ɗakin ɗalibai ba. Kullum sai ta taya uwarta tace gero da asuba, sannan ta hau trotro biyu, ƙananan motocin haya, kafin ta isa aji. Da ta gama aka turo ta bautar ƙasa makarantarmu, ƙaramar sakandare ce a tsakiyar Zango, kuma da wa'adin ya cika ta zauna. A ƙarshen mako take komawa jami'a tana digiri na biyu.

Wata rana Mma Fatu ta gaji da ganinta da kwamfuta a cinya, ta ce, "Ni kam Latifa, wai ƙidayar nan ba ta ƙarewa ne? Me ya rage ba ki ƙirga ba?"

Latifatu ta tashi ta ɗebi busasshen gero a hannu ta watsa a kan tabarma.

"Mma, kin ga ba ni na zaɓa wa kowace ƙwaya inda za ta faɗi ba. To a ce duk ƙwaya biyu da ke kusa da juna, tazarar da ba ta wuce faɗin yatsa ba, na ɗaura musu zare. Waɗanda suka yi nisa na bar su. Me za ki gani?"

"Ɓarnar gero zan gani."

"Za ki ga ƙulli-ƙulli, nan uku, can biyar, wata kuma ita kaɗai. Idan na ƙara gero, ko na tsawaita zaren kaɗan, ƙullin zai yi ta girma. Sai a kai wani wuri da kusan dukansu za su haɗe su zama raga guda, har tururuwa ta iya tashi daga wannan gefen ta bi zare ta isa wancan. Abin da nake nema shi ne, yaushe hakan ke faruwa, kuma ragar in ta haɗu, a ina take da rauni."

Mma Fatu ta kalli tabarmar. Sannan ta ce, "Allah ya ba da sa'a. Tattara min gerona kafin kaji su riga ki."

Ni a ofishin malamai ta yi min bayanin ɗaya rabin aikin, don na matsa mata. Ta ce idan aka zuba irin wannan raga a kwamfuta, wace ƙwaya ke haɗe da wace, lissafi yana fitar da wasu lambobi a jere, kamar yadda kowace ganga ke da muryoyinta gwargwadon yadda aka ɗaure fatarta. A cikin lambobin akwai wadda ta fi sa wa ido, ta biyu daga ƙasa. Idan sifili ce, ragar a rabe take. Idan ta ɗaga kaɗan, ragar ta haɗu amma akwai wani siririn wuya da komai ke bi ta cikinsa. Idan ta yi girma, hanyoyi sun yawaita, ko an yanke wani zare saƙo zai samu wata hanya. Na ce mata na gane. Gaskiya rabi na gane.

Haka rayuwarta take tafiya, makaranta da gida da jami'a, har shekarar korona. Aka rufe makarantu, aka ce yara su bi darasi ta talabijin da intanet. A unguwarmu gida guda yakan ɗauki iyali shida ko bakwai, talabijin ɗaya ce a ɗakin wani, wayoyi kuma na iyaye mata ne, babu mai iya zuba data kullum don yaro ya kalli darasi. Yaranmu suka koma tallan biredi da wasan ƙwallo a fili. Latifatu takan haɗu da 'yan ajinta a hanya ta yi musu tambayar da suka iya a watan jiya, ta ga sun sunkuyar da kai.

Tana da kawu, ƙanen uwarta, Mutaru, wanda sana'arsa ɗora dish da eriya a kan rufin mutane. Mutum ne siriri mai yawan mita, amma babu rufin da bai taɓa hawa ba a Moshi Zango. Da aka sassauta dokar zaman gida ya ji labarin wani shagon intanet da ya rufe a Oforikrom, mai shi yana neman wanda zai kwashe tarkacen. A ciki akwai ƙananan akwatunan nan masu ba waya waifai, tuli guda. Ya kawo su gida cikin buhu bai san me zai yi da su ba. Latifatu ta zazzage buhun ta zauna a gabansu.

"Kawu, waɗannan suna iya magana da junansu?"

"In an saita su, e. Amma ba su da dogon murya. Gida uku, huɗu, shi ke nan. In akwai bene ko mangwaro a tsakani kuwa, ko gida biyu ba za su kai ba."

"To in muka ajiye tsohuwar kwamfutar makaranta a ofis, malamai su ɗauki darasi da murya da hoto mu zuba a ciki, akwati ya miƙa wa akwati har ya isa gidajen yara? Ba intanet, ba data. Waya ta kama kawai ta ɗauki darasin."

Kawu Mutaru ya sosa ƙeya. "Ruwan sama fa?"

Shi da kansa ya ba da amsar washegari. Ya zo da tsofaffin bokitan fenti na roba, ya huda gindinsu ya zura wayar wuta, ya sa akwati a ciki ya rufe, ya ɗaure a kan sanda. Daga nan sunan ya samo asali.

Shugaban makaranta ya yarda. Mu malamai muka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya da takunkumi a fuska, muna tsayawa gaban allo Latifatu na ɗauka da waya. Abin da ya yi wuya shi ne rufi. Da so samu ne, da ta zana taswira ta ce a ɗora nan da nan da can. Amma ba ita ke da gidajen ba. Wani mai gida ya ce mitarsa ta wuta ba za ta ɗauki baƙo ba. Wani ya ce sai ya tambayi yayansa da ke Accra. Wasu kuma sun ji a waya cewa irin waɗannan na'urori ne ke kawo cutar. Kawu Mutaru yakan tsaya a ƙofar gida da tsani a kafaɗa ya ce, "Alhaji, tun yaushe nake ɗora muku dish kuna kallon ƙwallo? Wa ya taɓa yin tari saboda shi?" Wani ya yi dariya ya ce a hau, wani ya rufe ƙofarsa. A ƙarshe bokitan suka sauka inda aka yarda da su kawai, nan ɗaya, can biyu, babu tsari. Latifatu ta ce min abin da take karantawa ne ya fito daga kwamfuta ya hau rufin unguwarsu.

Makonnin farko ba su yi daɗi ba. Gidajen da ke kewaye da makaranta suna samun darasi. Akwai wasu bokitai wajen babban masallaci da ke jin junansu amma ba sa jin makaranta. Akwai wasu a layin mahauta, su ma haka. Sai kuma na ƙetaren rafi, inda yaranmu suka fi yawa, waɗanda ko alama ba sa samu. Iyaye suka fara cewa an ɗora musu bokiti yana shan wuta a banza.

Kawu Mutaru ya sauko daga wani rufi da rana tsaka, gumi ya jiƙa masa riga, ya ce, "Latifa, gwiwata ta gaji. Buhun ya kusa ƙarewa, rabin yaranku ba su ji ko sallama ba."

"Kawu, haka abin yake. Ba ya haɗuwa kaɗan-kaɗan yadda ido zai gani. Zai yi ta zama a rarrabe, sannan a wayi gari ya kama gaba ɗaya. Mun kusa."

"Lissafinki ne ya faɗa?"

"Shi ne."

Daga baya ta gaya min lissafin nata a fili shimfiɗaɗɗe yake aiki, inda babu mangwaro babu bene, don haka ita ma a lokacin addu'a take yi a zuci.

A gangaren rafi, kan wani ɗan tudu, akwai gidan wata tsohuwa, Hajiya Azaratu, wadda ta yi shekaru tana sayar da atamfa a babbar kasuwa kafin ta zauna a gida. Ba ta da jika a makarantarmu. Ita ce ta aika a kira Kawu Mutaru don dish ɗinta ya karkace, da ya gama gyara ta ce, "Ni ba za a sa min bokitin ba ne? Ko sai mai yara?" Ya ɗora mata ɗaya daga cikin na ƙarshe. Kwana biyu kafin nan an samu wasu gidaje biyu da suka haɗa masallaci da layin mahauta da makaranta. Rufin Hajiya kuwa yana kallon layin mahauta ta gaba, yana kallon ƙetaren rafi ta baya.

Muna ofis da hantsi ina shirin ɗaukar darasi sai ga wata mata daga ƙetare ta shigo da waya a hannu, ko sallama ba ta gama ba.

"Madam! Muryarki ta shigo wayata! Ina wanki na ji yarinyata ta ce ga Madam tana raba lamba!"

Latifatu ta karɓi wayar ta duba, ta mayar mata, ta zauna a kan benci ta rufe fuska da tafin hannu. Da ta ɗago sai ta ce a kira mata Kawu.

Daga ranar darasi ya riƙa isa ko'ina. Da yamma za ka ga yara uku ko huɗu sun haɗa kai a kan waya guda a bakin ƙofa. Mu muka ɗauka aiki ya ƙare. Ita kuwa ta zuba wuraren bokitan a kwamfutarta, ta fitar da lambar nan tata, ta nuna min. Ta bar sifili, amma da ƙyar. Lissafin ya raba unguwar gida biyu, wannan gefe da ƙetare, kuma duk abin da ke wucewa tsakaninsu ta rufin Hajiya Azaratu yake bi. Ta ce in wannan bokiti ɗaya ya samu matsala, an koma gidan jiya.

Ita da Kawu suka zaga bakin rafin suna neman rufi na biyu da zai ga ɓangarorin biyu. Guda ɗaya suka samu, wani bene a ƙarshen Zango, inda gidajenmu ke haɗuwa da na Tonawa. Mai shi wata dattijuwa ce Batoniya, Maame Serwaa, kowa ya san ta da faɗa. Latifatu ta je ta gaishe ta da Tonanci cikin ladabi, ta yi bayani. Maame Serwaa ta saurara har ƙarshe, sannan ta nuna ɗan lambun da ke gefen gidanta.

"Kin ga ganyen gwazana? Awakin Zango ne suka mai da shi haka. Na yi magana na gaji, babu wanda ya ɗaure akuya ko ɗaya. Yanzu kuma rufina kuke so. A'a, 'yata. Ki gaida gida."

Latifatu ta yi godiya ta dawo. Ba ta sake komawa ba, don ba ta iya naci ba.

Damina ta yi ƙarfi. Wata la'asar aka yi iska da ruwa irin wanda ke cika rafin ya hau kan gada. Iskar ta yaye rabin kwanon gidan Hajiya Azaratu ta jefar a bayan gida. Allah ya kiyaye babu wanda ya ji rauni. Da ruwa ya tsagaita Latifatu ta tafi jaje, ta tarar da Hajiya zaune a kan kujera 'yar tsugune a tsakar gida, ana fitar da katifu da akwatunan kaya a jiƙe.

"Sannu Hajiya. Allah ya mayar da alheri."

"Amin, ɗiyata. Bokitinki yana can cikin kwata, na ga wucewarsa. Rufin nan kuwa sai 'ya'yana sun haɗa kai, ba yau ba gobe ba. Yaran ƙetare fa?"

"Darasi ya yanke musu, Hajiya. Amma kar wannan ya dame ki yanzu."

"Babu wani gidan?"

Latifatu ta gaya mata yadda suka yi da mai bene. Hajiya ta tafa hannu.

"Serwaa? Serwaa ce ta hana ki? Matar da muka yi zaman kasuwa rumfa da rumfa, in zan yi salla ita ke tsare min kaya, in za ta coci ni ke rufe mata shago? Gobe ki zo ki raka ni."

Washegari da safe Hajiya ta yafa mayafi ta dogara sanda, suka tafi a hankali. Latifatu ta ce tsofaffin nan biyu da suka ga juna sai da suka manta da ita. Suka zauna a baranda nesa-nesa da juna saboda cutar, suna Tonanci suna sako Hausa. Suka yi ta lissafa matan layin atamfa, wace ta rasu, wace ta makance, wace ɗanta ya ɗauke ta zuwa Turai. Maame Serwaa ta sa aka kawo ayaba da gyaɗa. Rana ta ɗaga sosai babu wanda ya ambaci bokiti. Sai da Hajiya ta fara neman sandarta za ta tashi, ta ce, "Serwaa, yarinyar nan tawa ce. Ki ba ta rufin."

"Azara, ba rufin ne damuwata ba. Awaki ne. Akwai wata ja mai karyayyen ƙaho, ita ce shugabarsu. In na san mai ita, sai mun je gaban sarkin Zango."

Hajiya ta ce, "Ja mai karyayyen ƙaho? Ai tawa ce."

Maame Serwaa ta zuba mata ido, sannan ta fashe da dariya har da riƙe ciki, Hajiya ma haka. Aka yi yarjejeniya a nan take. Hajiya za ta sa a ɗaure awakinta, ta kuma yi wa maƙwabta magana. Sannan jikokin Maame Serwaa biyu, da suke wata makarantar daban, su ma za a nuna musu yadda za su riƙa ɗaukar darasin. Kafin azahar Kawu Mutaru yana saman benen, yana mitar cewa matakalar gidan ta fi tsaninsa wahala.

Bayan wasu watanni aka gyara rufin Hajiya, aka mayar mata da sabon bokiti, hanyar ƙetare ta zama biyu. Latifatu ta kira ni ta nuna min lambar ta ɗaga. Ni dai na ga wasu alƙaluma ne a allon kwamfuta, amma ita ranar har lamurje, abin shan nan mai citta, ta saya wa duk malaman da ke ofis.

Da aka buɗe makarantu, yaranmu sun dawo da giɓi, ba zan ce babu ba, amma ba kamar yadda muka ji tsoro ba. Bokitan suka ci gaba da aiki na ɗan lokaci. Wani malamin makarantar allo ya roƙa aka zuba karatunsa a kwamfutar, mata suka riƙa saurara suna girki. Sannan akwatunan suka fara mutuwa ɗaya-ɗaya, don dama tsofaffi ne, zafin rana da ɗauke wuta suka ƙarasa su. Kawu Mutaru yana gyara wanda ya gyaru. Yau kaɗan ne ke aiki, a kewayen makaranta. Sauran suna nan a kan sandunansu, fentin jikinsu ya koɗe, masu gidajen ba su ce a sauke ba. Hajiya Azaratu ta rasu bara. Maame Serwaa ta zo zaman makoki da baƙin zane, ta zauna cikin matan Zango har aka watse.

Latifatu ta gama digirinta da abin da ta tattara daga rufin unguwarsu. Malaminta na jami'a ya so ta nemi gurbin karatu a waje, ta ce ba yanzu ba, idon Baba ya kusa rufewa gaba ɗaya, Mma kuma ƙafa ta fara damunta. Ta auri wani tela, Saifullah, suka tare a unguwar Kwadaso, suna da 'ya mai suna Najiba. Kullum da safe takan sauke yarinyar a wurin Mma Fatu, ta sha koko a tsaye, ta wuce aji.

Yanzu kwatocin unguwa ne suka ɗauke mata hankali. Tana son ta san wace kwata ke zuba cikin wace, da kuma wadda in ta toshe ruwa ke shiga ɗakunan mutane. Ran Asabar za ka gan ta da takalmin roba tana bin lungu-lungu, tana tsayawa duk inda kwata biyu suka haɗu ta danna waya ta yi wa wurin alama. Makon jiya na ci karo da ita a bayan layin mahauta, ta sunkuya tana leƙen ƙarƙashin wani katako. Wata mai tuyar awara ta ɗaga murya daga rumfarta.

"Madam, an sauko daga sama an koma ƙasa ke nan?"

"An koma, Yaya Mamuna. Wannan ruwan na gidanku ina yake fita?"

"Wa ya sani? Da can ta bayan gidan wanka yake bi, amma tun da aka yi sabon shagon nan ban ƙara ganin inda ya nufa ba."

"Zo ki nuna min inda yake bi da can."

Matar ta rage wutar murhunta, ta goge hannu a zane, ta shige gaba Latifatu na bin ta.